Ku Tambayi Likita: Gyaran Ƙashin Fuska da Tiyata

Da dama daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun tsaya ne a kan ƙashin fuska, wato muƙamuƙi da haɓa da ƙashin kunci, da kuma ko tiyata za ta iya gyara su idan mai su bai ji daɗin yadda suke ba. Na zaɓi guda biyar, na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba. Tambayar iri ɗaya ce a baki, amma abin da ke ƙarƙashinta ya sha bamban, domin kafin likita ya ce ga yadda za a gyara fuska, sai ya fara gano abin da ya mayar da ita haka.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni budurwa ce mai shekara 22, ina zaune a Ƙofar Marusa a cikin birnin Katsina. Tun ina ƙaramar sakandare na lura haɓata tana ƙara yin gaba, har ta kai yanzu haƙorana na ƙasa sun wuce na sama. Ba na iya gatsar rake ko tsire da haƙoran gaba sai na kai gefe, kuma ba na yarda a ɗauke ni hoto ta gefen fuska saboda tsokanar ƙawaye. An sa ranar aurena wata biyar masu zuwa. Shin akwai tiyatar da za a yi mini kafin biki, kuma a ina?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Tiyatar akwai ta, kuma don masu irin lalurarki aka ƙirƙiro ta, sai dai ba aikin wata biyar ba ne, kuma duk wanda ya yi miki alkawarin kammala shi kafin ɗaurin aure, ko dai bai san aikin ba, ko kuma kuɗinki ya hango.

Ƙasusuwa 14 ne suka haɗa fuskar ɗan Adam, kuma a cikinsu muƙamuƙin ƙasa ne kaɗai yake motsi. Idan haƙoran ƙasa suka wuce na sama, mai su yakan ɗora laifin a kan haɓa domin ita yake gani a madubi, alhali sau da yawa muƙamuƙin sama ne ya tsaya a baya bai girma yadda ya kamata ba, wani lokaci kuma laifin na biyun ne, na ƙasa ya zarce, na sama ya gaza. Abin yakan bi jini. Gidan sarautar Habsbag da ya mulki Ostiriya da Sifaniya ya yi suna da irin wannan haɓa har ake kiranta da sunansu, kuma an ruwaito cewa Sarki Chals na Biyu na Sifaniya, wanda ya mutu a 1700, da ƙyar yake tauna abinci. Idan kika duba dangin mahaifinki da na mahaifiyarki, ba mamaki ki sami mai irin taki.

Saboda haka da awo ake farawa, ba da wuƙa ba. Za a ɗauki hoton ƙashin kanki ta gefe a auna inda kowane muƙamuƙi ya tsaya, a ɗauki siffar haƙoranki da wani ƙulli mai daskarewa, a kuma tabbatar ƙashi ya gama girma, domin idan aka yanka shi yana cikin girma zai ci gaba da tafiya ya rushe aikin. Ga mata girman yakan tsaya tsakanin shekara 16 zuwa 18, ga maza kuma yakan kai 18 zuwa 21, don haka ke kin wuce wannan shinge. Amma ga sauran masu karatu, babban mutum da ya ga haɓarsa ta soma yin gaba bayan ya girma, zobensa ya matse shi, takalminsa ya yi masa kaɗan, wannan ba maganar kwalliya ba ce, alama ce ta ƙari a wata 'yar halitta da ke gindin ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadarin girma, kuma gwajin jini yake buƙata.

Abin da ke cin lokaci shi ne wayar haƙori, wato siririn ƙarfen da ake ɗaura wa haƙora don a jera su. Shekara da shekaru haƙoranki suna ƙoƙarin cim ma juna, na sama sun karkato gaba, na ƙasa sun kwanta baya, kamar maƙwabta biyu da ke miƙa wa juna hannu ta kan katanga. Idan aka matsar da ƙashi suna a haka ba za su zauna a kan juna ba, sai an fara miƙar da kowane haƙori a kan gindinsa, kuma wannan yakan ɗauki wata 12 zuwa 18, ana zuwa ana ƙara ɗaure wayar kusan kowane wata. Abin da ba a cika gaya wa majinyata tun farko ba shi ne, a cikin waɗannan watanni ratar da ke tsakanin haƙoran ƙaruwa take yi, haɓar ta ƙara fitowa fili. Da za ki fara yau, da ranar bikinki za ta same ki a daidai lokacin da abin ya fi bayyana. Akwai waɗanda ake fara yi wa tiyatar kafin waya, amma sai waɗanda haƙoransu suke a jere tun asali, kuma awo ne zai nuna ko kina cikinsu.

Ita kanta tiyatar ta cikin baki ake yin ta, ba ta barin tabo a fuska. A muƙamuƙin ƙasa ana tsaga ƙashin ne a tsaye ta ɓangarori biyu, can bayan turamen haƙora, kamar yadda ake tsaga kara biyu, sai a zame ɓangaren da ke ɗauke da haƙora a mayar da shi baya, a bar faffaɗan wuri inda ƙashi zai kama ƙashi. Wani likita ɗan Ostiriya mai suna Hugo Obwegeser ne ya bayyana wannan dabara tare da malaminsa a 1957, kuma ita ake bi har gobe. A na sama kuwa ana yankawa ne a kwance, a saman saiwoyin haƙora, a jawo shi gaba. Layin yankan yana ɗauke da sunan Rene Le Fort, Bafaranshen da ya wallafa a 1901 inda ƙashin fuska yake karyewa bayan gwaje-gwajen da ya yi a kan gawawwaki, wato inda hatsari ke karyawa da kansa nan likita yake bi da gangan. Ana ɗaure ƙasusuwan da ƙananan faranta na ƙarfen taitaniyom da kusoshi masu girman ƙwayar shinkafa, waɗanda galibi ake barinsu a jiki har abada. Duk wannan hidima, matsawar da milimita ake auna ta, sau da yawa ba ta kai santimita ɗaya ba, amma a fuska wannan tafiya ce mai nisa.

Jinyar ce ya kamata ki yi wa kallon tsanaki. Kumburi yakan kai ƙololuwa a kwana na biyu zuwa na uku, har uwa ta shigo ɗaki ta tsaya tana kallon 'yarta kamar baƙuwa, ya fi sauka cikin mako biyu zuwa uku, ragowar kuma ta bi watanni a hankali. Kusan mako shida babu tauna, sai kunun gyaɗa da madara da romo da fura da aka dama aka tace, daga baya fate-fate da tuwo mai laushi da miyar kuka, kilishi da aya da rake kuwa sai an doshi wata uku. Za ki rame. Sannan akwai jijiyar da ta ratsa ta cikin muƙamuƙin ƙasa, wadda take kai ji ga leɓe da haɓa, kuma kusan kowa yakan farka ya tarar leɓensa ba ya jin taɓawa. Na taɓa zama da wata majinyaciya tana shan koko da ƙaramin cokali tana ba ni labari, kokon yana gangarowa ta haɓarta har kan hijabi ba ta sani ba, sai da ƙanwarta ta miƙo hannu ta share mata. Yawanci jin yakan dawo cikin watanni, amma akwai waɗanda wani yanki ba ya dawo musu, kuma wajibi ne a gaya miki wannan kafin ki sa hannu a takarda. Akwai kuma zubar jini da kan sa a nemi ƙarin jini, da shigar ƙwayoyin cuta, da ɗan komawar ƙashi baya. Idan kina da sikila ki faɗa tun ranar farko, domin shirin sa barci da na jinya ya bambanta.

Shawarata ita ce ki yi aurenki, amma ki je awo tun yanzu, ki kuma zauna da angon ki gaya masa, domin ba a yin wannan tiyata da juna biyu, kuma tafiyar shekara biyu ce da ke bukatar ku tsara ta tare. Ki fara da sashen haƙori da tiyatar fuska na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, tsohon Cibiyar Lafiya ta Tarayya, idan da bukata za a tura ki Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello. Ƙwararrun masu sa wayar haƙori kaɗan ne a Arewa, don haka ki sa kuɗin mota da wahalar hanya a lissafi, ki kuma nemi a rubuta miki kuɗin waya da na faranta da na gado daban-daban tun kafin a fara.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗan acaɓa ne a Daura. Wata bakwai ke nan na yi karo da mota a hanyar Mai'aduwa, na bugu a kuncin dama. An kai ni wurin mai ɗori ya gasa mini da ruwan zafi, kumburi ya sauka. Yanzu kuncin ya lotsa, gefen leɓena na sama kamar ba nawa ba, bakina ba ya buɗewa sosai, idan na ɗaga ido sama sai in ga abu biyu. Akwai gyara?

Amsa: Malam, sannu da jiki, Allah ya kiyaye gaba. Akwai gyara, amma kafin nan ina roƙonka ka ajiye babur. Wanda yake ganin abu biyu bai kamata ya ɗauki 'ya'yan mutane a baya ba, ko da a kallon sama kawai abin yake zuwa masa, sai likitan ido ya duba shi.

Ƙashin kunci a kan ƙafafu yake tsaye, kamar tukunya a kan duwatsun murhu, ɗaya ta nufi goshi, ɗaya ta nufi kunne, ɗaya ta sauka kan muƙamuƙin sama, kuma shi ne ya yi bangon gurbin ido na waje da wani sashe na daɓensa. Idan ya karye ya faɗa ciki, duk alamun da ka lissafa suna biyo baya. Jijiyar da ke fitowa a ƙasan ido ta matsu, shi ya sa leɓe da gefen hanci suka daina ji. Ƙafar da ta nufi kunne ta lotsa ta tare wa muƙamuƙin ƙasa hanya, shi ya sa baki ya ƙi buɗewa. Daɓen gurbin ido kuwa, wanda siririn ƙashi ne ƙwarai, idan ya fashe sai ido ya ɗan nutse ko naman da ke juya shi ya maƙale.

Ba na raina masu ɗori, na ga ƙafafu da hannuwa da suka ɗora suka kama, amma ƙashin fuska ba shi da inda za a ɗaura masa kara, kuma gashi da matsa ba sa ɗaga abin da ya faɗa ciki. Abin da ke yaudarar mutane shi ne kumburi, domin yana cike ramin a makon farko, sai ya sauka ne lotsawar take bayyana, a lokacin kuma ƙashi ya soma kamawa a karkace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Cikin mako biyun farko sau da yawa ɗan yanka ne a cikin gashin gefen kai ko ta cikin baki, a zura ƙarfe a ɗago ƙashin ya koma mazauninsa. Hanyar cikin gashin Harold Gillies ne ya bayyana ta a 1927, likitan nan ɗan Niyuzilan da ya yi suna wajen gyara fuskokin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya a Ingila.

Bayan wata bakwai aikin ya ƙaru. Za a yi maka hoton siti (CT), wato hoton na'ura mai nuna ƙashi daki-daki, a ga yadda ƙashin ya kama, sannan a zaɓi ɗayan biyu. Idan da matsalar buɗe baki da ta ido, kamar yadda ka bayyana, sai an sake yanke ƙafafun a mayar da ƙashin wurinsa a ɗaure da faranta, a shimfiɗa 'yar raga ta taitaniyom a daɓen ido. Idan kuwa lotsawar ce kawai ke damun mutum, ana iya barin ƙashin yadda yake a cike ramin da ƙashin da aka ɗebo daga jikinsa ko da abin dashe. Buɗewar baki takan gyaru, siffa takan kusa komawa, amma jijiyar da ta daɗe a matse ba lallai ba ne ta farfaɗo duka. Idan ka koma kan babur, hular kwano mai rufe haɓa za ka nema, ba wadda take tsayawa a ƙoƙon kai ba.

Tambaya: Likita barka da aiki. Ni ɗalibi ne mai shekara 24 a Katsina. Haƙorana lafiya lau suke, amma fuskata faɗi gare ta kuma haɓata gajera ce. Ina ganin bidiyoyi a TikTok na yadda ake sassaƙe muƙamuƙi a Koriya da Turkiyya fuska ta yi siriri. Wata mai shagon kwalliya kuma ta ce za ta ƙara mini haɓa da allura a arha. Wanne ya fi, kuma mene ne hukuncinsa a addini?

Amsa: Ɗana, kafin komai ka ba wani wayarka ya ɗauke ka hoto daga nisan taku biyu, ka kwatanta da wanda kake ɗaukar kanka. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin 100 a kan wanda aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi. Abin da ya fi kusa da kyamara shi ke girma, idan kuma ka ɗaga ta sama haɓa ce ke shigewa. Samari da 'yan mata da yawa da ke zuwa wurina, fuskar da suke ƙi a waya kaɗai take.

Sassaƙar da kake gani gaskiya ce, ana yi. Ta cikin baki ake shiga da zarto mai aiki da lantarki a yanke kusurwar muƙamuƙi da ke ƙasan kunne, wani lokaci a karya ƙashin kunci a tura shi ciki. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne likita yana aiki ne a wani lungu mai zurfi, kusa da manyan hanyoyin jini, kuma kumburi ko jinin da ya taru a wurin yana iya toshe numfashi. A Koriya ta Kudu kanta wani ɗalibi ya rasu a 2016 sakamakon zubar jini bayan irin wannan aiki a birnin Seul, kuma ƙarar da mahaifiyarsa ta bi tana cikin abin da ya sa majalisar ƙasar ta yi doka a 2021, wadda ta fara aiki a Satumbar 2023, cewa a kafa kyamara a ɗakunan tiyata. Ƙashin da aka yanke ba ya tsirowa, kuma fatar da ya tokare tana iya saki idan shekaru suka ja. Ka kuma tambayi kanka wanda zai duba ka idan rauni ya yi ruwa a mako na uku, kana Katsina likitanka yana Istanbul. Ni a ganina lafiyayyen ƙashi mai haƙora a jere bai cancanci wannan kasada ba.

Gajerar haɓa kuwa, idan awo ya tabbatar da ita, tana da hanyoyi masu sauƙi. Ana yanke bakin haɓar kaɗai a zamo da shi gaba a ɗaure, ba tare da an taɓa haƙora ba, ko a sa dashen silikon, ko da yake shi yana iya gocewa, ko ya yi ruwa, ko ya ci ƙashin da ke ƙarƙashinsa a hankali. Idan da gajerar haɓar akwai minshari mai tsanani da ɗaukewar numfashi a barci, to ta tashi daga kwalliya ta koma magani. Faɗin fuska kuma sau da yawa ba ƙashi ba ne, naman tauna ne ya yi kauri, musamman ga masu cizon haƙora a barci, kuma allurar Botox, mai sassauta naman, tana rage shi na wata huɗu zuwa shida.

Mai shago kuwa ka rabu da ita. Allurar cike fuska ta gaskiya wani sinadari ne da jiki ke shanyewa cikin watanni zuwa shekara ɗaya da rabi, kuma yana da maganin da ke narkar da shi idan an sami kuskure, amma ko a hannun ƙwararre idan ya shiga hanyar jini yana kashe fata, yana kuma makantarwa. A nan karin maganar garin neman gira a rasa ido ba misali ba ne, abin da ke faruwa ke nan. Na taɓa karɓar wata yarinya da aka yi wa allura a wani shago, ta shigo ta rufe rabin fuska da mayafi. Da ta yaye, haɓar ta yi jawur tana sheƙi, da wasu ƙulalai masu tauri kamar tsakuwa a ƙarƙashin fata. Ta fito da kwalbar daga jaka, babu ko harafi ɗaya a jikinta. Mun fitar da mugunya, amma ƙulalan ba su fita duka ba, domin abin ya riga ya haɗe da nama. Duk wanda zai soka maka allura ko wuƙa a fuska, ka nemi shaidar rajistarsa da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya.

Fatawa ta malamai ce, kuma ka kai musu bayaninka yadda yake, amma hujjojin da suke ginawa a kai sanannu ne. Arfaja ɗan As'ad an sare masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinare, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. A ɗaya ɓangaren akwai hadisin Ibn Mas'ud a Buhari da Muslim da ya la'anci masu goge haƙora su yi wushirya don ado, da aya ta 119 a Suratun Nisa'i a kan canza halittar Allah. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 18 a Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar da ke dawo da aikin gaɓa ko gyara aibin haihuwa ko na hatsari da ƙuna, ta kuma hana canza lafiyayyar siffa don son rai ko kwaikwayon wasu. Amaryar Ƙofar Marusa da ɗan acaɓan Daura a fili yake inda suka faɗa. Kai kuwa da bakinka ka ce haƙoranka lafiya lau suke. Idan tunanin fuskar yana cinye maka sa'o'i a gaban madubi, yana hana ka shiga aji ko zama a majalisa, wannan lalura ce da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani suke kuma maganinta, kuma tiyata ba ta cika kwantar wa masu ita hankali ba.

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 9 ya faɗo daga kan katanga yana ɗan shekara 4, ya daki haɓa. Tun daga nan bakinsa yake rufewa a hankali, yanzu ko cokali ba ya shiga sai ta giɓin haƙori. Haɓarsa ta ƙanƙance ta karkace. Wasu sun ce iska ce. Uwa daga Mashi.

Amsa: Hajiya, ba iska ba ce. Ki sa yatsa a gaban kunnenki ki buɗe baki, za ki ji gaɓa tana motsi. Bugun haɓa yakan tafi can ya fasa kan gaɓar, jini ya taru, ƙashi ya tsiro ya haɗe muƙamuƙi da ƙoƙon kai. Daga wannan wuri ne muƙamuƙin yaro yake samun yawancin girmansa, shi ya sa haɓar ta tsaya ta kuma karkata wajen da ya lalace. Lafiyayyen baki yana ɗaukar yatsu uku na mai shi a jere a tsaye tsakanin haƙoran gaba, kuma duk uwar da ɗanta ya daki haɓa ta riƙa gwada wannan har wata da watanni.

Tiyata ce maganinsa, kuma kada a jira ya girma. Za a cire ƙashin da ya haɗe, a sa nama ko kitse a tsakani don kada ya sake kamawa, wani lokaci a ɗebo guntun haƙarƙarinsa a gina sabuwar gaɓa. Ƙarancin haɓar daga baya ake bi, har da wata na'ura da ke jan ƙashi milimita ɗaya a rana sabo yana cike ratar. Asibitin koyarwa za ku je, domin sa wa wanda bakinsa ba ya buɗewa barci aiki ne na ƙwararru da kayan aiki na musamman. Rabin nasarar kuma a hannunki take. Za a ba ki ƙananan sandunan katako irin na duba harshe, ki riƙa jera su tsakanin turamensa kina ƙara ɗaya a kan ɗaya, safe da rana da dare, na watanni. Zai yi kuka, kakarsa za ta ce a ƙyale shi, kuma idan aka ƙyale shi bakin komawa yake yi. Waɗanda bakinsu ya rufe bayan ciwon zaizayar baki da ake kira noma ya ci musu kunci kuwa, akwai Asibitin Noma na Sakkwato da aka buɗe a 1999, inda ake yi musu aiki kyauta.

Tambaya: Malam Likita, maiɗakina tana da kumburi a muƙamuƙin hagu shekara biyu ke nan, ba ya ciwo, sai dai yana ƙaruwa, haƙora biyu suna girgiɗa. Za a iya kankare shi fuskar ta daidaita? Magidanci daga Batagarawa.

Amsa: Malam, wannan ba a kankare shi, kuma rashin ciwon kada ya ruɗe ka. Kumburin da ke ƙaruwa a hankali yana girgiɗa haƙora alama ce ta ƙari a cikin ƙashi, kuma wanda muka fi gani a manya a ƙasar nan shi ne amelobilastoma, wanda galibi ba ya bazuwa cikin jiki kamar ciwon daji, amma yana cin muƙamuƙi daga ciki har ya mayar da shi kamar ɓawon ƙwai. Hoto da ɗan guntun nama da za a kai ɗakin gwaji ne za su faɗi ko shi ne ko wani. Ana yanke shi ne tare da ɗan lafiyayyen ƙashin da ke kewaye da shi, a cike gurbin da ƙashin ƙugu ko haƙarƙari ko siririn ƙashin ƙwauri, kuma girman abin da za a yanke bana bai kai na baɗi ba. Kada a yi mata sakiya, kada kuma a cire haƙoran nan biyu a kemis. Ka kawo ta sashen haƙori na asibitin koyarwa cikin makon nan, ku zo da sassafe don samun kati, idan kuma akwai tsohon hotonta na kafin kumburin ku taho da shi.